Tsintuwa da Cigiya: Matsayin Ɓataccen Kaya a Harshe da Tunanin Bahaushe

1.0 Gabatarwa

Kusan babu wata al'umma da ba ta fuskanci tambayar nan ba: idan mutum ya ga alabe a yashe a kan hanya, da kuɗi a ciki, babu mai shi a kusa, kuma babu idon da ya gan shi, mene ne ya kamace shi? A watan Satumba na shekarar 1923 ko na 2023, tambayar ɗaya ce, kayan da ake ɓatarwa ne kawai suka sauya. A shekarar 2023 ɗin kuwa, wani matashi mai tuƙa adaidaita-sahu a birnin Kano ya mayar wa wani fasinja ɗan ƙasar Chadi kuɗin da ya manta a cikin kekensa, sefa da naira, waɗanda aka ƙiyasta sun kai kimanin naira miliyan 15, bayan ya ji ana cigiyarsu a rediyo. Mutane da yawa sun yaba masa, wasu kuma suka ce ya yi wa arzikinsa ƙafar ungulu.

Manufar wannan takarda ita ce ta bi diddigin wannan saɓani tun daga cikin harshen kansa. Za a duba kalmomin da Bahaushe yake amfani da su wajen maganar ɓata da tsintuwa, da abin da karin magana ya ce, sa'an nan a auna su da hukuncin fiƙihun Malikiyya da kuma dokokin Nijeriya. Daga ƙarshe za a nuna cewa kalmar "tsintuwa" tana ɗauke da ma'anoni biyu masu karo da juna, kuma "cigiya" ita ce take raba gardama tsakaninsu.

2.0 Kalmomin Ɓata da Tsintuwa

2.1 Aikatau "tsinta"

Bisa tsarin giredin aikatau da F. W. Parsons ya shimfiɗa a 1960, "tsinta" tana cikin giredi na 2, wato tana sauya wasalin ƙarshe gwargwadon abin da ya biyo bayanta: ya tsinta, ya tsince shi, ya tsinci kuɗi. Saiwar tana shiga wasu giredin kamar haka:

(1) a. Audu ya tsinci alabe a bakin kasuwa.
b. Audu ya tsinto alabe daga kasuwa.
c. Ladi ta tsince tsakuwar da ke cikin shinkafa.
d. Allura ba ta tsintuwa a cikin yashi.

A (1c) akwai niyya da ƙoƙari, domin Ladi zama ta yi musamman don wannan aiki. A (1a) kuwa babu niyya ko kaɗan: Audu bai fito neman alabe ba, kiciɓis suka yi. Wannan ma'ana ta rashin niyya ita ce ta haifar da furucin "ya tsinci kansa a asibiti", wanda ake yi wa mutumin da bai san yadda aka yi ya kai can ba.

Abin lura na biyu shi ne sifar sunan "tsintuwa" kansa. A ƙira, ya yi daidai da sunayen aiki na giredi na 7, irin su faruwa da yiwuwa da samuwa, waɗanda a cikinsu ake kawar da mai aikatawa gefe guda, a bar abin da ya auku kawai. Saboda haka idan mutum ya ce "na yi tsintuwa", harshen ya riga ya sauƙaƙa masa nauyi, ya nuna kamar abin ne ya zo masa. Wannan ya sha bamban da sata da ƙwace da sane, waɗanda kowannensu yake nuna mai aikatawa ƙarara, har ma da sunansa: ɓarawo, ɗan sane.

2.2 Ɓatacce da yasasshe

Ta ɓangaren wanda ya rasa kayan, harshen ya tanadi hanyoyi da dama:

(2) a. Kuɗina sun faɗi.
b. Alabena ya ɓace.
c. Na manta jakata a mota.
d. Na yar da kuɗina a hanya.
e. Na jefar da tsohon takalmina a bola.

A (2a) zuwa (2d) mallaka ba ta yanke ba. Mai magana yana nan yana cewa "kuɗina" da "jakata", kuma zuciyarsa tana tare da su. A (2e) ne kaɗai ya saki abin da gangan. "Yar da" kuwa tana da harshen damo, don ana amfani da ita ga abin da ya suɓuce da kuma abin da aka watsar. Amma sifar da aka samo daga gare ta, wato "yasasshe", ta fi karkata ga abin da mai shi ya haƙura da shi. Ashe ke nan Hausa ta bambanta ɓatacce da yasasshe. Abin da 'yan bola-jari suke tattarawa yasasshe ne, babu mai ƙalubalantarsu. Haka nan kala da roro, wato bin gona bayan an kwashe amfani a tsinci abin da ya rage, al'ada ta halatta su ga mata da yara da mabuƙata, domin manomi ya san da ragowar ya bar ta. Alabe mai kuɗi kuwa ba ya shiga wannan sahu, don babu mai hankalin da zai jefar da shi da son ransa.

2.3 Cigiya

Cigiya ita ce sanar da jama'a cewa wani abu ya ɓace, tare da neman wanda ya gani ya taimaka. Abin sha'awa a nan shi ne kalmar tana aiki ta fuska biyu: mai kaya yana cigiyar kayansa, matsinci kuma yana cigiyar mai kaya. A da, sankira ko mai shela ne yake zaga unguwa da kasuwa da wannan saƙo, ana kuma kai ɓatacciyar dabba gidan mai unguwa ko dagaci, kayan kasuwa kuma wurin sarkin kasuwa. Daga baya gidajen rediyo suka ɗauki wannan aiki, har ya zama "cigiya" da "sanarwa" sun zama abokan tafiya a bakin masu gabatar da shirye-shirye. Samuwar kalma guda ta musamman domin wannan aiki shaida ce cewa al'umma ba ta ɗauki tsintuwa a matsayin ƙarshen magana ba.

3.0 Tsintuwa a Karin Magana

Idan aka duba karin magana za a tarar da muryoyi biyu. Murya ta farko tana kallon tsintuwa a matsayin rabo:

(3) a. Tsintar dami a kala.
b. Tsuntsu daga sama gasasshe.
c. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama.

Wanda ya fita kala zangarniya yake fata, sai ga dami sukutum. Wannan shi ne hoton sa'ar da ta wuce zato. Sai dai karin maganar ya yi shiru a kan wata tambaya: dami ba ya ɗaure kansa, to wane ne ya ɗaure shi ya manta? Da wannan murya ce masu sukar matashin Kano suka yi magana, suna cewa Allah ya tsaga da rabonsa ya mayar.

Murya ta biyu kuwa gargaɗi take yi:

(4) a. Tsintacciyar mage ba ta mage.
b. Kwaɗayi mabuɗin wahala.
c. Zanen aro ba ya rufe katara.
d. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Magen da aka tsinta tana da gidan da ta saba da shi, ba za ta zauna ta yi wa sabon uban gida aikin da ake ajiye mage dominsa ba. Ma'anar ita ce abin da bai zo ta hanyarsa ba, ba ya yin albarka. Irin wannan tunani ba na Hausawa kaɗai ba ne. Yarabawa suna da karin maganar da ke tambaya cewa idan wanda ya tsinci abu yana neman ya mutu a kansa, to me ake so wanda abin ya suɓuce masa ya yi?

Akwai kuma camfi da yake taimaka wa murya ta biyu. Iyaye kan hana yara ɗaukar kuɗin da suka gani a mararraba, don gudun kada ya zama na sammu ko na wani asiri da aka yar da gangan. Ko da yake tushen hanin tsoro ne, amfaninsa na tarbiyya a fili yake: yaro ya tashi da sanin cewa ba duk abin da ke ƙasa ake kai wa hannu ba.

A laccar da A. H. M. Kirk-Greene ya gabatar kan mutumin kirki a wurin Hausawa, wadda aka buga a 1974, ya lissafa halaye goma, cikinsu har da gaskiya da amana da kunya da mutunci. Tsintuwa tana gwada waɗannan halaye ta wata hanya ta daban. Amanar da aka saba da ita tana da mai bayarwa da mai karɓa, sau da yawa har da shaidu. Kunya kuma galibi idon mutane take bukata. A wajen tsintuwa babu wanda ya damƙa, babu wanda ya gani. Don haka ita ce ma'aunin da ke nuna ko kirkin mutum na ganin ido ne ko kuwa hali ne, wanda masu iya magana suka ce zanen dutse ne.

4.0 Hukuncin Fiƙihu

A Larabci ana kiran tsintuwa luƙaɗa, tsintaccen yaro kuma laƙiɗi. Saiwar kalmar ta zo a Alƙur'ani a ƙissar Annabi Yusuf (sura ta 12, aya ta 10) da ta Annabi Musa (sura ta 28, aya ta 8), inda a duka biyun mutum ne aka tsinta. Tushen hukuncin shi ne hadisin Zaidu bin Khalid al-Juhani, wanda ya zo a Muwaɗɗa ta Imam Malik da Bukhari da Muslim. A cikinsa an umarci matsinci ya kiyaye kamannin mazubin kuɗin da igiyar da aka ɗaure shi da ita, ya yi cigiya shekara guda. An yi sauƙi game da ɓatacciyar akuya ko tunkiya, saboda idan aka bar ta naman daji ne zai cinye, amma an hana taɓa ɓataccen raƙumi, domin yana iya kai kansa ga ruwa da kiwo har mai shi ya same shi.

Littattafan da aka fi karantawa a zaurukan malaman ƙasar Hausa, wato Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani (ya rasu a 996) da Mukhtasar na Shaihu Khalil, malamin Masar na ƙarni na 14, sun warware wannan hukunci dalla-dalla. Ana iya taƙaita shi kamar haka:

(i) Ɗauka tana wajaba idan mutum ya amince da kansa kuma yana tsoron kayan su faɗa hannun maha'inci. Tana haramta idan ya san shi kansa zai ha'inta.
(ii) Ana cigiya shekara guda a inda ake zaton samun mai kaya, kamar ƙofofin masallatai da kasuwa. Cikin masallaci kuwa an hana cigiya.
(iii) Mai cigiya ba ya fayyace kamannin abin. Wanda ya zo nema shi zai siffanta, idan ya dace a ba shi.
(iv) Bayan shekara, matsinci yana da zaɓi: ya ci gaba da ajiya, ko ya yi sadaka da shi, ko ya yi amfani da shi. A biyun ƙarshe, duk ranar da mai kaya ya bayyana, biya ya hau kansa.
(v) Idan abin ya salwanta a hannunsa ba tare da sakaci ko taɓawa ba, babu biya.
(vi) Abin da bai taka kara ya karya ba, kamar ƙwayar dabino, ba ya bukatar cigiya.

Sharaɗi na (iv) da na (v) su ne zuciyar al'amarin. Rashin biya idan abu ya salwanta ba da sakaci ba, hukuncin mai riƙon amana ne. Wajabcin biya ko bayan shekaru kuwa yana nuna cewa mallakar mai kaya ba ta mutuwa da tsawon lokaci. Wato a idon fiƙihu, matsinci ma'aji ne da aka naɗa ba da shawararsa ba. Sharaɗi na (iii) kuma ya yi daidai da abin da ake ji a tashoshin mota har yau, inda ake cewa an tsinci wani abu, mai shi ya zo ya faɗi kamanninsa. A 2023 wata maniyyaciya daga Jihar Zamfara ta tsinci dala 80,000 a ƙasar Saudiyya lokacin aikin Hajji, ta miƙa wa jami'an alhazai domin a nemi mai su, wanda hakan aiki ne da wannan karantarwa.

Hausawa Kirista ma suna da irin wannan umarni a Littafi Mai Tsarki, a Maimaitawar Shari'a 22:1-3, inda aka hori wanda ya ga ɓatacciyar dabbar ɗan'uwansa ko tufarsa ya mayar masa, in kuma bai san shi ba ya ajiye har a zo nema.

5.0 Hukuncin Dokar Ƙasa

Dokar Ingila, wadda Nijeriya ta gada, tana da tsohuwar shari'ar nan ta Armory da Delamirie ta 1722. Wani yaro mai sharar bututun hayaƙi ya tsinci wani dutse mai daraja, ya kai shagon maƙerin zinariya a duba masa, aka ƙi mayar masa. Kotu ta yanke cewa matsinci ya fi kowa haƙƙi a kan abin da ya tsinta, in ban da mai shi na asali.

A kudancin Nijeriya, sashe na 383 na kundin Kiriminal Kod na 1916 ya sanya cin abin da aka tsinta a ƙarƙashin sata, sai fa idan matsinci bai san mai kayan ba, kuma yana da dalili mai ƙarfi na ganin ba za a iya gano shi ba. A Arewa kuwa, kundin Final Kod da ya fara aiki a 1960, wanda aka tsara bisa na Sudan da na Indiya, ya ware laifin mayar da dukiyar wani ta zama ta kai cikin rashin gaskiya a sashe na 308, sashe na 309 kuma ya tanadi ɗauri har zuwa shekara biyu, ko tara, ko duka biyun. Jihohi da dama sun sake nasu kundin daga baya, musamman tun daga shekarar 2000, amma waɗannan biyu su ne tushen da aka ɗora ginin a kai.

Za a lura cewa fiƙihu da dokar ƙasa sun haɗu a wuri guda: ɗaukar abu daga ƙasa ba laifi ba ne, laifin yana farawa ne daga lokacin da aka yi niyyar cinyewa ba tare da neman mai shi ba. Wannan yana da muhimmanci ga masu fassara a kotuna. Idan wanda ake tuhuma ya ce "tsinta na yi", ya faɗi yadda abin ya zo hannunsa ne kawai, bai faɗi abin da ya yi da shi ba. Tafinta da ya juya wannan furuci kamar musanta laifi ne, ko kamar amsa shi ne, ya ƙara abin da babu. Zai kyautu a tsayar da wani furuci kamar "cin tsintuwa", bisa ƙirar "cin amana", domin a raba tsintar da ba laifi da cinyewar da take laifi.

6.0 Alaben Zamani

Mazubin kuɗin Bahaushe ya sha sauyi: daga burgami da zabira da lalita da ƙulli a haɓar zane, zuwa alabe, zuwa abin da matasa suke kira walat. Kalmar "jaka" ma da kanta ta zama ma'aunin kuɗi, fam 100 a da, naira 200 bayan canjin kuɗi na 1973. Lalitar da ba ta da suna, shi ya sa ake dogara da kamannin fata da igiya. Alaben yau kuwa yakan zo da katin shaidar ɗan ƙasa da katin banki da lasin tuƙi, wani lokaci har da lambar waya. Uzurin rashin sanin mai kaya ya ƙare ke nan, cigiyar shekara ta koma kiran minti guda. Dabarar da wasu suke yi ta kwashe kuɗin su ajiye katunan inda za a gani, rage wa mai kaya wahala ce kawai, ba ta sauya hukuncin kuɗin ba.

A 2019 mujallar Science ta buga sakamakon wani gwaji da Alain Cohn da abokan aikinsa suka yi da alabe fiye da 17,000 a birane 355 na ƙasashe 40, cikinsu har da Ghana da Kenya da Maroko da Afirka ta Kudu. An riƙa miƙa alaben ga ma'aikatan wurare kamar bankuna da otal-otal da gidajen waya a matsayin tsintuwa. An tuntuɓi masu alaben da babu kuɗi a ciki da kimanin kashi 40 cikin ɗari, masu kuɗi kuma da kimanin kashi 51. A ƙasashe 38 cikin 40, samuwar kuɗi ƙara yawan mayarwa ta yi. Masu binciken sun danganta haka da tausayin mai kaya da kuma ƙyamar da mutum yake yi wa kallon kansa a matsayin ɓarawo. Wannan dalili na biyu shi ne kunyar kai, wadda ba ta jiran idon kowa.

Sai dai gwajin ya auna gaskiya ne da aika saƙon imel ga mai alabe. A al'ummar da ta saba cewa matsinci ya adana ya saurari cigiya, irin wannan ma'auni zai iya lissafa mai riƙon amana cikin maha'inta. Matashin Kano bai aika wa kowa saƙo ba. Ya ji cigiya ne ya amsa.

Saura batun tukuici. Fiƙihu ya yarda mai kaya ya yi alkawarin lada ga wanda ya dawo masa da abinsa, ana kuma kafa hujja da alkawarin kayan raƙumi guda da aka yi a ƙissar Annabi Yusuf (sura ta 12, aya ta 72). In ba a yi alkawari ba, galibi abin da matsinci zai nema shi ne abin da ya kashe, kamar ciyar da dabba. Al'ada kuwa tana ganin rowa ce mai kaya ya karɓa ya juya ba tare da ba da goro ba. Amma matsincin da ya kafa sharaɗin sai an biya shi kafin ya miƙa, ya fita daga sahun ma'aji ya shiga na masu garkuwa da kayan mutane.

7.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa ƙirar kalmar "tsintuwa" da wani sashe na karin magana suna kallon abin da aka tsinta a matsayin rabo, yayin da bambancin ɓatacce da yasasshe, da kalmar "cigiya", da ɗaya sashen na karin magana suke kallonsa a matsayin amana. Fiƙihun Malikiyya da dokokin Nijeriya duka sun goyi bayan kallo na biyu, sun bar na farko ga yasasshen abu da abin da bai kai a damu da shi ba. Abin da ya rage ga masana harsunan Nijeriya shi ne su tattara irin waɗannan kalmomi a Fulfulde da Kanuri da Yarabanci da Igbo da Tibi da sauransu, a ga ko kowane harshe yana da tasa "cigiyar", da kuma hannun wanda al'ada ta ɗora wa nauyin yin ta.